Dukiyar Haya a Cikin Birni: Misalin Unguwar Yakasai



Haya baƙuwa ce a cikin birnin Kano. A zamanin da, fatake sukan sauka ne a gidan fatoma, ya ba su masauki, ya yi musu dillanci a Kasuwar Kurmi, ladarsa kuwa daga la'ada take fitowa, ba daga kuɗin ɗaki ba. Almajiri da ɗan'uwa na ƙauye aro ake ba su. Sai bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari, sannan biyan kuɗin ɗaki ya zama sana'a, ya bi ta Fagge, a hankali ya ƙetaro ganuwa.

To, yaya Bayakashe yake tara dukiya ta wannan hanya? Da wuya ya fara da sayen gida sukutum. Abin da aka fi gani shi ne magidanci ya dubi soronsa da ke bakin hanya, ya fasa masa ƙofa ta waje, ya mai da shi shago, ya ba tela ko mai sayar da magani. Unguwar tana da gata a nan, domin tana maƙwabtaka da Kasuwar Rimi da Asibitin Murtala, watau inda ƙafa ba ta ɗaukewa. Kuɗin shagon nan, in an haɗa da kwasar adashi, su ne za su sayi bulo da kwano a tada ɗaki na biyu. Na biyu ya taimaka a sayi kangon maƙwabci. Aiki ne na shekaru, wani lokaci uba ne zai fara, ɗa ya ƙarasa.

Amma fa kada mu ɗauka duk abin da ɗan haya ya miƙo riba ce. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kafin kowace damina, indararo ya toshe azara ta ruɓe, ga yashe masai, ga watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Tsadar kaya kuma tana cin hayar a ɓoye: a 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, alhali kuwa wanda ya karɓi kuɗin shekara a dunƙule ba shi da ikon ƙari sai shekara ta zagayo. A ganina, mai gidan da bai ware kason gyara tun ranar da kuɗi suka shigo hannunsa ba, jarinsa yake ci yana zaton riba ce.

Babbar matsala dai ita ce ta mallaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma banki ba ya karɓar gida jingina sai da takardar shaidar mallaka. Gidaje da yawa a cikin birni kuwa shaidarsu ita ce gado da sanin mai unguwa. Wannan ya isa tsakanin maƙwabta, amma bai isa a gaban manajan banki ba.

Sai kuma gado kansa. Mutum ya shekara talatin yana haɗa ɗakuna, ranar da ya kwanta dama a fitar da tumunin mata, a raba saura, namiji rabon mata biyu, kowa ya tashi da ɗaki ko rabin ɗaki. Mai bukata ya nemi sayar da nasa. A nan ne fiƙihun Malikiyya ya tanadi shuf'a: muddin ba a riga an raba gidan an ja iyaka ba, abokin tarayya yana da haƙƙin karɓe kason da aka sayar wa bare, ya biya daidai farashin da baren ya biya. Magadan da suka san wannan hukunci sukan bar gidan a haɗe, su wakilta ɗayansu ya riƙa karɓar haya, a cire na gyara, sannan a raba saura gwargwadon rabon kowa.