Wuƙar Balisong: Yadda Hannu da Ƙwaƙwalwa Ke Ƙago Salon Wasa

A garin Taal da ke lardin Batangas na ƙasar Filifin akwai wata unguwa mai suna Balisong, wadda maƙeranta suka shahara wajen ƙera wata irin wuƙa mai ƙota biyu. Sunan unguwar shi ne sunan wuƙar. Kowace ƙota an maƙala ta ne a gindin ruwan wuƙar da ƙusa guda, ta yadda za ta iya juyawa. In an rufe, ƙotocin biyu sai su haɗiye ruwan su zame masa kube. In an buɗe, sai su kewayo su haɗu ta baya su zama mariƙi guda. Wannan buɗewa da rufewa ta sa Turawa suka laƙaba mata sunan malam-buɗe-littafi, kuma duk wanda ya taɓa lura da fukafukan wannan ƙwaro zai ga sunan ya dace. Mutanen Batangas kan ce mata "ashirin da tara", domin tsawon wadda suka saba ƙerawa santimita 29 ne.

Asalinta wuƙar aiki ce da kare kai. Amma daga shekarun 1980, bayan da wani kamfani a Amurka ya fara ƙera ta a 1979, kuma Jeff Imada ya wallafa littafi kan sarrafa ta a 1984, sai matasa suka mai da jujjuya ta a hannu wani wasa mai zaman kansa, wanda babu ruwansa da faɗa. Abin da ya jawo hankalin masana kimiyyar halitta a nan shi ne tambaya guda: ta yaya hannu ke iya sarrafa abin da ya fi ido sauri?

Lilo a kan lilo

Idan mai wasa ya riƙe ƙota ɗaya, ruwan wuƙar na lilo a jikinta, sa'annan ƙota ta biyu na lilo a jikin ruwan. Masana kimiyyar lissafin motsi sun daɗe da sanin halin irin wannan lilo mai hawa biyu: ɗan bambanci kaɗan wajen farawa yakan haifar da babban bambanci a ƙarshe. Saboda haka ba yadda za a yi mutum ya maimaita juyi iri ɗaya sak sau biyu, komai ƙwarewarsa.

Ga kuma matsalar lokaci. A ce an cilla wuƙar sama santimita 30. Lissafi ya nuna za ta dawo hannu cikin kimanin rabin sakan. Shi kuwa ɗan Adam, daga lokacin da idonsa ya ga abu zuwa lokacin da hannunsa zai motsa, yakan ci wajen kwata na sakan. Ashe ke nan rabin lokacin ya tafi kafin saƙon ido ya zama aiki. Wanda ya tsaya jiran ido ya gaya masa inda ƙota take, to, ruwan zai cafke.

Bugu da ƙari, wuƙar kaifi ɗaya gare ta, don haka ƙotocin ba ɗaya suke ba. Wanda ya riƙe ƙotar da ke rufe gadon bayan wuƙar, in ruwan ya kewayo, bayan ne zai bugi yatsunsa, ba abin da zai same shi. Wanda ya riƙe ɗayar kuwa, kaifin ne zai sauka a kansu. Shi ya sa masu wasan ke kiranta ƙota mai cizo.

Inda ƙwarewar ke zaune

Mutane kan ce hannu ya saba. Gaskiyar magana, tsoka ba ta haddace komai. Hannu na da ƙasusuwa 27, kuma manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba ma a tafin hannu suke ba, suna can a damtsen ƙasa ne, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, suna jan yatsun ta hanyar dogayen agara, tamkar linzami. A cikin tsokokin da gaɓoɓi akwai ƙananan masu kai rahoto, waɗanda ba sa fasa sanar da ƙwaƙwalwa inda kowane yatsa yake. Charles Sherrington ne ya sa wa wannan ji suna a 1906. Mai karatu na iya gwadawa: ya rufe ido ya taɓa kan hancinsa da ɗan yatsa. Ba zai kuskure ba.

Babban aikin yana hannun ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda ke wajen ƙeya. Nauyinta bai wuce kashi 10 cikin 100 na ƙwaƙwalwa ba, amma ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka yi a Brazil a 2009 ta nuna cewa daga cikin ƙwayoyin jijiya biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwa, kimanin biliyan 69 a cikinta suke. Aikinta kintace ne. Tun kafin wuƙar ta bar hannu takan yi hasashen inda za ta sauka, ta tura yatsu can su jira. In hasashen ya kuskure, sai ta gwada abin da ta zata da abin da ya auku, ta gyara na gaba. Don haka faɗuwar wuƙa ƙasa sau ɗari ba ɓata lokaci ba ne, kowace faɗuwa darasi ce.

A shekarun 1920 masanin Rasha Nikolai Bernstein ya ɗaura ƙananan fitilu a hannun ma'aikata masu dukan guduma, ya ɗauki hotunan motsinsu. Ya tarar kafaɗa da gwiwar hannu ba sa bin hanya ɗaya a kowane bugu, amma kan gudumar na sauka inda ake so. Watau gwani ba motsi guda ya haddace ba, ya koyi yadda zai cim ma buƙata ta hanyoyi da yawa. Wannan ne ya sa lilo mai hawa biyu bai gagare shi ba.

Koyon irin wannan yakan bar alama a ƙwaƙwalwa. A 2004 masu bincike a Jami'ar Regensburg ta Jamus sun sa wasu mutane koyon cilla ƙwallaye uku sama suna cafewa har wata uku. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke lura da motsin abubuwa ya ƙaru, da suka daina kuma ya ragu. Da ƙwallo aka yi binciken, ba da wuƙa ba, amma aikin da ƙwaƙwalwa ke yi a wasannin biyu dangi ne.

Ƙago sabon salo

Tushen wasan 'yan motsi ne ƙalilan: buɗewa da rufewa, mirgina ƙota a kewayen yatsa, wulwula wuƙar a kan yatsa guda, da cilla ta sama. Sabon salo yawanci sabon jeri ne na waɗannan, kamar yadda ake gina jimlolin da ba su ƙirguwa daga haruffa kaɗan. Sai dai akwai nahawun da ba a karyawa. Wasu motsin sukan bar mutum riƙe da ƙotar da ba da ita ya fara ba, saboda haka dole mai ƙirƙira ya san, a kowane mataki, wace ƙota ce a hannunsa kuma ina kaifi ya fuskanta. Jerin da ya yi kyau a zuci amma ya ƙare da kaifi a kan yatsa ya mutu tun kafin a haife shi. Wani lokaci kuma kuskure ne ke buɗe hanya: wuƙa ta suɓuce, hannu ya cafe ta ta inda ba a saba ba, mai wasa ya ga abin ya ƙayatar, ya zauna yana neman maimaita shi da gangan.

Yaɗuwar salo daga hannu zuwa hannu ba baƙon abu ba ne ga masu nazarin dabbobi. A 1953, a tsibirin Koshima na Japan, wata 'yar biranya da aka sa wa suna Imo ta fara wanke dankali a ruwa kafin ta ci. Abokan wasanta da uwarta suka ɗauka, tsofaffin maza kuwa akasarinsu ba su kula ba. Haka yake a wasan balisong, matasa ne ke ƙagowa, su ne kuma ke saurin kwaikwayo. Da can sai mutum ya zauna kusa da gwani, ko ya bi hotuna a littafi, ko kaset ɗin bidiyo. Bayan zuwan YouTube a 2005 sai lamarin ya sauya, musamman da wayoyin hannu suka iya ɗaukar hoto 240 a sakan guda. In an nuna su a kan 30 a sakan, motsin ya ragu ninki takwas, abin da ido bai iya rarrabewa ya fito fili. Salon da yaro ya ƙago a Manila yau, gobe wani na gwada shi a wata nahiya, ya ƙara masa nasa, wani lokaci har a yi ta gardamar wanda ya riga.

Farashin kuskure

Agarar da ke lanƙwasa yatsu na kwance ne dab da fata, cikin wani matsattsen kwararo. In kaifi ya tsinke ta, ba ta haɗewa da kanta, domin tsoka na janye guntun sama zuwa cikin tafin hannu. Sai likitan fiɗa ya nemo shi ya ɗinke, sa'annan a shafe kimanin mako 12 ana jinya da motsa jiki, kuma ba kowane yatsa ke komawa yadda yake ba. Ga ɗalibi mai riƙe alƙalami wannan ba ƙaramar asara ba ce. Shi ya sa masu wasan da yawa suka koma ga wuƙar gwaji, wadda nauyinta da ƙirarta daidai suke da na gaske, amma ruwanta ƙarfe ne dasasshe mara tsini, wani lokaci ma roba. Ƙaramar ƙwaƙwalwa nauyi da lilo take koyo, kaifi bai ƙara mata komai.

Hukumomi kuma ba duka ke kallon abin a matsayin wasa ba. Birtaniya ta hana sayar da balisong da shigo da ita a ƙarƙashin dokar 1988, dokar 2019 kuma ta haramta ajiye ta ko da a cikin gida ne. Jamus ta haramta ta a 2003. A Amurka kowace jiha da tata dokar. A Taal kuwa, inda sunan ya fito, maƙera sun ci gaba da ƙera ta da hannu, suna fitar da ruwan daga tsohon ƙarfen mota, suna yi wa ƙotar ado da ƙaho ko ƙashi ko katako.