Daga garkar albasa zuwa majigi: wa zai shirya fim ɗin Kanan-Bakashe?

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar Mayahi da Tasawa ya san rumfar masu cajin salula, inda ake tura wa mutane finafinai da waƙoƙi cikin katin waya. Matasa ne ke cika ta, amma uwayenmu mata ma ba a bar su baya ba, don sukan aiki yaro da waya da ƴan canji ya cika musu kafin kasuwa ta watse. Abin da ake turawa kusan duka na Kano ne, sai na Indiya da aka fassara da Hausa. Ba mu ga laifin wannan ba, mu ma muna kallo. To amma a Kanan-Bakashe, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, ana sayen labarin wasu kullum, namu kuwa yana zube a tsakiyar kasuwa babu mai ɗauka.

Idan aka yi wannan magana sai ka ji an ce ai fim sana'ar ƴan birni ce, ta masu dogon karatu da masu uwa a gindin murhu. Tarihin silima a Nijar bai yarda da haka ba.

Mu fara da Sani Elhaji Magori, wanda aka haifa a Galmi cikin jihar Tawa a 1971. Ilimin noma ya karanta, injiniyan gona ne, kafin ya je jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a ƙasar Senegal ya koyi shirya fim na gaskiya, wato irin wanda ba wasan kwaikwayo ba ne, mutane ake ɗauka cikin rayuwarsu. Da ya tashi yin aikinsa a 2008 bai je neman labari ko'ina ba, gida ya koma. Fim ɗin, mai suna «Pour le meilleur et pour l'oignon», labarin wani manomin albasa ne na Galmi wanda ɗiyarsa ta shekara 2 tana jiran ɗaurin aure. Dangin miji sun matsa, tsegumin gari ya yi yawa, sai uban ya yanke cewa za a yi buki idan an cire albasa. Daga nan sai auren yarinya ya rataya ga abu biyu: yawan buhunnan da garka za ta ba da, da kuma farashin da za a tarar a kasuwa.

Wane ɗan kasuwa ne bai san wannan hali ba? Wace uwa ce ba ta taɓa ƙirga kayan ɗakin ɗiyarta da tiyar wake ko ta aya ba, tana addu'ar kada farashi ya faɗi kafin kaka ta wuce? Abin da muke gani kullum har muka daina ganinsa, shi Sani Magori ya aza wa kamara, kuma fim ɗin ya zagaya bukukuwan silima a Afirka da Turai. A 2010 ya sake fitar da «Kukan Kurciya», inda ya ɗauki tsohuwar zabiya Hussey, wadda a da waƙoƙinta suka zuga samarin yankin tafiya cin rani, ya kai ta har Abijan don ta yi waƙar da za ta jawo su gida, cikinsu har da mahaifinsa. Mu mutanen Mayahi da muke sallamar ƴaƴanmu zuwa Nijeriya da Libiya da Aljeriya kowace shekara, ba sai an fassara mana wannan ba.

Magabatansa ma haka suke. Umaru Ganda, wanda babbar cibiyar al'adu ta Yamai ke ɗauke da sunansa, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Indoshin, ya dawo ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Can ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, ya fito a fim ɗinsa, daga baya ya kama aikin da kansa. A 1972 fim ɗinsa «Le Wazzou polygame» ne ya fara cin babbar kyautar bukin FESPACO na Wagadugu, kafin na kowace ƙasa. Mustafa Alasan kuwa makanike ne tun farko, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka, kuma ya daɗe zaune a Tawa kafin rasuwarsa a 2015.

A ƴan shekarun nan mata ne suka fi ɗaga sunan ƙasar. A'isha Macky, haifaffiyar Damagaram a 1982, ilimin zamantakewa ta karanta. A 2016 ta fitar da «L'arbre sans fruit», wato icen da ba ya ƴaƴa, kan halin da matar aure ke shiga idan ba ta samu haihuwa ba, kuma da kanta ta fara, ba ta ɓoye bayan wata ba. Duk macen da ta taɓa jin habaicin dangin miji ta san irin ƙarfin zuciyar da wannan ke buƙata. A 2021 ta koma unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta ɗauki samarin da gari ke tsoro, har da masu fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Nijeriya. Amina Weira ita ma a 2016 ta yi nata a Arlit, garin da mahaifinta ya yi aikin haƙar yuraniyom, kan ƙurar da mutanen garin ke shaƙa.

Manomi, ɗan dako, makanike, ɗiyar ma'aikacin ma'adinai. Kowannensu abin da ya sani ya ɗauka, kuma shi ya sa aka saurare shi.

To ina kuɗin ke fitowa? Nan ne maganar ta shafe ku kai tsaye, ƴan kasuwa.

Hanya biyu muka sani. Ta farko ita ce wadda su Sani Magori da A'isha Macky suka bi. Matashi zai yi karatu a makarantar Yamai da a da ake kira IFTIC ko wata irinta, ya rubuta takardar aikinsa da Faransanci, ya bayyana labarin da mutanen da zai ɗauka da abin da zai kashe, sannan ya shiga takara a wuraren horo irin su Africadoc ko Ouaga Film Lab da aka buɗe a Wagadugu a 2016. Idan ya dace, za a haɗa shi da masu zuba jari da gidajen talabijin, yawanci na Turai. Hanyar tana fitar da aiki mai kyau, amma tana cin shekaru, kuma tana da illa biyu. Yaron da ya bar lakwal da wuri, ko wanda karatun allo ya yi, ko kusa ba zai kai ƙofar ba, komai iya labarinsa. Sannan wanda ya biya shi ke fara kallo: fim ɗin sai ya zagaya Paris da wasu birane kafin, in an yi sa'a, ya iso inda aka ɗauke shi. Mutum nawa ne a kasuwar Kanan-Bakashe suka taɓa ganin fim ɗin albasar Galmi? Motocin Cinéma Numérique Ambulant da suka fara kai majigi ƙauyukan Nijar a shekarun 2000 sun yi ƙoƙari, amma ƙauyukan sun fi motocin yawa.

Hanya ta biyu ta Kano ce. Can ba wanda ya jira Bature. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da «Turmin Danya» a kaset a 1990, kuma ƴan kasuwa, musamman na Ƙofar Wambai, su suka riƙe sana'ar. Mai fim yakan buga kwalin kaset ya sayar musu, su kuma su kwafi fim ɗin su rarraba har Maraɗi da Damagaram da Agadas. Da faifan CD ya mutu, tura fim a waya ya zo, sai wannan ciniki ya rushe, don mai rumfa na samun na cefane amma wanda ya kashe kuɗinsa ya shirya fim ɗin ba ya ganin ko dala. Shi ya sa suka koma ga dogon shiri a talabijin da YouTube, irin su «Daɗin Kowa» na tashar Arewa24 da «Izzar So» da ya fara a 2020, inda talla ke biyan aikin.

Matashin Kanan-Bakashe da ke riƙe da waya mai kyamara a yau yana tsakanin waɗannan hanyoyi ne, kuma a ganinmu ba lallai ya jira ko ɗaya ba. Labari dai ga shi nan. Ga matan da ke yankar kaba a kwarin Gulbin Kaba suna saƙa tabarmi da igiya, da rigimar da kan tashi tsakaninsu da masu gona da makiyaya kan goriba. Ga dillalin wake da ke kwana yana lissafin naira da sefa, wanda rufe iyakar Nijeriya a watan Agusta na 2019, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yuli na 2023, suka bar shi da kaya a hannu. Ga asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991, aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, amma har yanzu baƙi ne suka fi ba da labarinsa.

Abin da irin wannan ƙaramin aiki ke ci bai fi ƙarfin ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta mata ba: na'urar ɗaukar murya mai kyau (mu ma'aikatan rediyo mun san mutane na haƙuri da hoto maras kyau amma ba sa haƙuri da murya maras kyau), kuɗin kabu-kabu, abincin ma'aikata, da ladan wanda zai tace hotunan a kwamfuta a Maraɗi. Mai shago zai iya biyan wani kashi a sa tallar shagonsa a farkon shirin, kamar yadda kuke yi da sanarwa a rediyo.

Sai dai kada a zuba kuɗi ido rufe. Alhaji, idan yaro ya zo maka da maganar fim, ka tambaye shi kamar yadda za ka tambayi mai neman bashin kaya: labarin me, kwana nawa, su wa za su yi aikin, a ina za a nuna, kuma in riba ta fito yaya za a raba. A rubuta, a sa shaidu. Ke kuma Hajiya, in an zo ɗaukar hotonki a rumfa, kina da ikon ki ce a'a, kina da ikon ki ji inda za a kai shi, don abin da ya hau intanet ba ya saukowa. In kin yarda, ki gindaya sharaɗi ɗaya tun kafin a kunna kyamara: a fara nuna shi a nan Kanan-Bakashe, a filin kasuwa bayan sallar isha'i, kafin a kai shi Yamai ko Wagadugu.