Tseren Keke a Hanyar Gona: Damari Za Ta Iya da Kanta

Kawuna mai faci ne. Ranar kasuwa a gindin ɗorawa yake zama, da kwanon ruwa a gabansa, da famfo, da gwangwanin gam. In taya ta yi faci, sai ya zaro tif ya ba shi iska, ya nutsa shi cikin ruwa yana juyawa sannu a hankali, har ƙananan kumfa su fara tasowa a jere. Nan ƙayar ta shiga. Ya kankare wurin, ya shafa gam, ya bari ya sha iska, sannan ya manna. Da ya ɗaure taya sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ɗana mana shi zuwa bakin rafi." Da wuya na tafi ni kaɗai. Kafin na sauka gangara, yara uku ko huɗu sun biyo ni a kan Rali da Fonis na iyayensu, wasu ma ƙafarsu ba ta kai feda daga kan sirdi sai sun zura ta ƙarƙashin sanda. Wanda ya riga taɓa ruwa shi ya ci.

Sai da na girma na gane cewa abin da muke yi ɗin wasa ne mai suna a duniya, ana ce masa tseren keken tsauni, kuma yadda ya samo asali bai fi namu tsari ba. A ranar 21 ga Oktoba 1976, wasu samari 'yan ƙalilan a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka suka hau wani tudu kusa da garin Fairfax da tsofaffin kekuna masu nauyi, suka gangaro ta hanyar tsakuwa mai tsawon kilomita uku da ɗoriya. Tsabar taka birki, giris ɗin cikin ƙafar baya yakan ƙone har ya yi hayaƙi, dole a kwance a sake cika shi bayan kowace saukowa; daga nan tseren ya samu sunansa na Repack. Ba tikiti, ba kamfani mai ɗaukar nauyi. Cikin waɗanda suka riƙa yin tseren akwai Charlie Kelly da Gary Fisher da Joe Breeze, waɗanda daga baya suka shiga ƙera keken da aka yi musamman don gargada. Shekara 20 bayan haka, a 1996, wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta.

Misalin da ya fi taɓa ni na Ruwanda ne. Adrien Niyonshuti ya rasa 'yan uwansa maza shida a kisan kiyashin 1994. A wani ƙaramin tsere da aka shirya a ƙasar a 2006 masu horarwa suka lura da shi, kuma a 2012 shi ya riƙe tutar Ruwanda a Olamfik na Landan, ya yi tseren keken tsauni. A Satumban 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keken kan titi ta duniya, karon farko a Afirka.

Mu mutanen Birnin Gwari mun san ciwon da ke sa mutum ya ji labarin nan a jikinsa. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta hana hawa babur na wata uku, aka kuma katse layukan waya a yankinmu. Lokacin ne aka kakkaɓe ƙurar kekunan da aka jingine a zaure. A Yulin 2022 mutanen garin Damari suka watse, mata da yara a ƙafa, aka bar amfanin gona a tsaye. Bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Nuwamban 2024, wanda ya kai ga buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, jama'a sun fara komawa gonaki. Amma akwai yara 'yan shekara goma da suka tashi da sanin cewa bayan gari wurin gudun ceton rai ne kawai. Su nake tunawa duk lokacin da na ce a shirya tsere.

Ba tseren shiga daji nake nufi ba. Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, da dajin Kuyambana, ba wurin kai 'ya'yan mutane ba ne a yanzu, kuma duk wanda ya ce a kai su can bai san abin da yake faɗa ba. Zagaye nake nufi na kilomita biyu ko uku a hanyar gona, inda mai tsaye a bakin gari zai hango mahayi kusan ko'ina yake. A samu hawa ɗaya, gangara ɗaya, ɗan yashi, da tsallaken rafin da ya ƙafe. Ya isa.

Kafin a taɓa keke, a fara da zauren dagaci, a sanar da liman da jami'an tsaro da 'yan sa-kai. In suka ce ba yanzu ba, to ba yanzu ba. A nemi iznin duk wanda hanyar ta ratsa gefen gonarsa, in kuma ta haɗu da burtali a gaya wa ardo ranar da lokacin, don kada garke da masu gudu su yi karo. Lokacin da ya dace shi ne bayan kaka, an kwashe masara da dawa, ƙasa ta bushe. A fara da hantsi, a tashi kafin azahar.

Dabarar da ta fi amfani daga samarin Repack za mu aro ta. Hanyar gona siririya ce. In aka saki mutum ashirin a lokaci guda, a kwanar farko za a kwashi raunuka. Su ɗaya bayan ɗaya suke tashi, da tazarar minti biyu, a rubuta lokacin tashin kowa da na isowarsa. Wanda ya ci minti mafi ƙaranci shi ne gwani. Agogon wayar hannu, da usur, da littafin makaranta, da malamin firamare mai rubutu, sun gama aikin alƙalanci. A raba yara daban, samari daban, sannan mai keke mai giya kada a haɗa shi da mai Fonis, don ba adalci ba ne.

Jajibirin ranar a bi hanyar da ƙafa a share tsidau, a cire kututture, a yi alama da toka a kowace kwana. Mai faci ya zauna a wurin tashi ya matsa birkin kowane keke da hannunsa. Wanda bai kama ba, ba ya shiga, ko ɗan waye. Hular kwano tana da wuyar samu a wajenmu, amma tunda ɗaya-ɗaya ake tashi, guda uku ta aro za ta zagaya kowa. A gayyaci ma'aikacin lafiya da audugarsa da aidin, a ajiye randar ruwa a inuwa.

Kyauta kuwa kada ta zama kuɗi. Da kuɗi sun shiga, caca ta shiga, 'yan siyasa ma za su zo da fastocinsu su mayar da taron nasu. Sabuwar taya, ko famfo, ko sarƙa, abin da mahayin zai mora gobe in zai kai buhu kasuwa, shi ya fi. Masu shaguna uku za su iya haɗa wannan ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Ina roƙon iyayenmu masu gari da malaman makaranta da samarin Damari da Kuyello da Dogon Dawa, in Allah Ya kai mu kaka lafiya, a zauna a tsayar da rana. Ko mutum goma ne suka fito, a busa musu usur su tashi.