Yadda A Ke Kusantar Naman Daji Bayan Ya Faɗi

Da yawa daga cikinmu 'ya'yan ƙauye ne, in an ba da hutun rani kuwa ba mu rasa jin gangar mafarauta da haushin karnuka a bayan gari. Waɗansunmu za su bi su daji. Waɗanda ba su bi ba, gobe su ne malamai a garuruwan da yara ke bin farauta. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana a kan wani ɗan lokaci ƙanƙane cikin farauta, watau daga sa'ad da nama ya faɗi zuwa sa'ad da aka sa masa wuƙa. A cikin wannan ɗan lokaci ne maharbi ya fi samun rauni, a cikinsa ne kuma nama ke zama halal ko mushe.

Bari mu ɗauki misalin Mabai, wadda ke cikin ƙasar Ƙanƙara, da maƙwabtanta na Faskari da Sabuwa. Wannan yanki yana gefen manyan dazuzzuka. Akwai Dajin Rugu daga arewa, da Dajin Kogo wanda Gwamnatin Tarayya ta sa cikin jerin sababbin gandayen daji na ƙasa a 2020, sa'an nan daga kudu akwai Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari, wadda ta zama gandun dajin ƙasa a 1999. A irin wannan daji ne kakanninmu suka san gwanki, da kanki, da mazo, da mariya, da gadu, da ɓauna, da damisa. Yau manyan namun sun yi wuyar gani, rashin zaman lafiya kuma ya hana mutane shiga daji da nisa. Abin da mafarauci ya fi samu shi ne zomo, da gada, da beguwa, da zabin daji. Amma ka'idar kusantar nama ɗaya ce, ko babba ne ko ƙarami, wanda kuwa bai koye ta a kan gada ba, ba zai iya ta a kan gwanki ba.

Abin da ya sa wannan aiki ya ke da wuya shi ne, wajibai biyu ne ke jan maharbi, kowane yana ja ta gefensa. Shari'a ta ce masa ya yi hanzari, domin in ya iske nama da sauran rai, kuma ba a sami makasarsa ba, tilas ne ya yanka shi. In ya yi sakaci har ya mutu, ya zama mushe. Hankali kuwa ya ce masa ya dakata, domin dabbar da ta ji rauni ta fi mai lafiya haɗari. Mai lafiya gudu ta ke nema. Wadda ta kasa gudu kuwa, ba abin da ya rage mata sai ƙaho da kofato da haure. Gwanin maharbi shi ne wanda ya iya haɗa wajiban nan biyu, ya yi hanzari ba tare da garaje ba.

To, ga yadda a ke yi. Da fari, in nama ya faɗi, kada maharbi ya zabura a guje. Ya tsaya inda ya ke, ya sa ido a kan wurin, ya shaida wani itace ko suri ko dutse kusa da shi, domin ciyawa ta kan ɓoye nama da zarar an kau da kai. Sa'an nan ya shirya makaminsa. Mai baka ya ɗora wata kibiya, mai adaka ya sake ɗura ta. Kun san ɗurin adaka yana cin lokaci, ga zuba albarushi, ga dannawa, wanda kuwa ya isa gaban nama da bindiga wofi, sanda ce kawai a hannunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ɗan jinkiri na shiri ba sakaci ba ne, yana cikin aikin.

Akwai dalilin da ya sa mu ke jaddada wannan. Wani lokaci harsashi ya kan shafi ƙashin baya ko gindin ƙaho, bai karya kome ba. Sai dabba ta faɗi nan take kamar an sare ta, alhali suma ta yi. Bayan ɗan lokaci sai ta farfaɗo, ta tashi da ƙarfinta duka. Saboda haka naman da ya faɗi tim, bai ko shura ba, shi ya fi cancanta a yi masa zato. Wanda aka sama a huhu ko a zuciya ya kan ɗan yi gudu tukuna, sa'an nan ya kife.

Na biyu, a dubi ta inda za a tunkare shi. Kullum ta bayan gadon bayansa a ke zuwa, watau gefen da ƙafafu ba su miƙe ba, kuma daga wajen ƙugu, inda idonsa ba ya ganin mai zuwa sosai. In wurin gangare ne, a biyo ta tudu, domin dabba in ta zabura gangare ta ke bi. Kada a tsaya tsakaninta da kurmi ko rami ko rafi, gama can za ta nufa, duk abin da ta iske a hanya kuwa sai ta banke shi. A tafi sannu, makami a shirye, ba magana, ba ihu.

Na uku, in an zo kamar taki goma, a tsaya a duba alamu. A dubi haƙarƙari, ko yana hawa da sauka. A dubi kunne da wutsiya, ko suna motsi. A dubi ido, gama shi ne babban shaida. Yara da yawa suna zaton mataccen nama rufe ido ya ke yi. Ba haka ba ne. Matacce idonsa a buɗe ya ke, ya dushe, ba ƙyaftawa. Wanda ya runtse ido yana da rai. Haka kuma wanda ya kwanta bisa ƙirjinsa, ƙafafu a naɗe, kai a ɗage, wannan shirin tashi ya ke yi. In ba a ga motsi ba, a jefa masa ɗan dutse a ƙugu. In shiru, a matsa a taɓa idon da doguwar sanda, mutum yana tsaye ta bayan kai. In ya ƙyafta, da sauran rai. Ba a yin wannan gwaji da hannu, ba a yin sa da ƙafa.

Kowace dabba kuwa da irin nata makami. Gwanki ƙahonsa ya lanƙwasa baya, in ya ji ciwo ya kan ja ya tsaya, ya yi ta sara da kai hagu da dama, karnuka da yawa sun hallaka a nan. Mazo ƙarami ne, mai kunya, amma in ya ji rauni ya kan laɓe cikin duhuwa ya soki mai binsa. Ko gada, da ƙanƙantarta, ƙahonta da kofatonta suna tsaga hannu. Gadu da haurensa na ƙasa ya ke yanka, su ne masu kaifi. Da baya ya ke shiga rami, kansa na duban waje, saboda haka ba a tsayawa a bakin raminsa. Beguwa ba ta harba ƙayarta kamar yadda a ke faɗi. Da baya ta ke rugowa ta soki mutum, don haka ita kaɗai ce ba a bin ta ta baya. Ɓauna da damisa kuwa, in sun ji rauni sun shiga ciyawa, wannan ba aikin yaro ba ne, ba kuma aikin mutum ɗaya ba. A koma gari a gaya wa Sarkin Baka da manyan maharba, a kuma gargaɗi masu kiwo da masu itace kada su bi ta nan.

In nama bai faɗi kusa ba, jininsa zai ba da labari. Jini ja mai kumfa na huhu ne, mai shi ba zai yi nisa ba. Jini baƙi-baƙi na hanta ne. In an ga jini kaɗan gauraye da ɗanyar ciyawa mai wari, tumbi aka sama. Irin wannan in an matsa masa sai ya yi ta gudu har ya ɓace, in kuwa an bi sawu a hankali sai ya nemi inuwa ya kwanta. Mutum biyu ke bin sawu, ɗaya idonsa a ƙasa, ɗaya idonsa a gaba. Barin dabba da rauni a daji zalunci ne, wanda ya yi harbi shi ke da alhakin binta iyakar ƙoƙarinsa.

Yanzu sai maganar yanka. Littattafan Malikiyya da mu ke karantawa a zaure, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil, sun yi bayanin wannan. A ambaci sunan Allah tun sa'ad da a ke sakin kibiya ko kare. In makami mai huda ko kare mai horo ya kashe nama kafin maharbi ya iso, ba da sakacinsa ba, ana ci. In an iske shi da rai, ba a sami makasa ba, sai da yanka. Makasa biyar ne: tsinkewar laka, da zubowar ƙwaƙwalwa, da zubowar kayan ciki, da yankewar jijiyar wuya, da hujewar hanji. Abin da aka buge da gora ko kulki ya mutu kafin a yanka, mushe ne. Wannan hukunci ya shafi yaranmu ƙwarai, gama yawancin zomayen da su ke samu da sanda su ke jifa. Wuƙa kuma ta kasance a jikin maharbi, wasasshiya. Wanda ya bar tasa a gida ko hannun yaron da ke can baya, har nama ya mutu yana nemanta, sakaci ya yi.

Wajen yankan, mutum ɗaya ya danne ƙaho ƙasa ta bayan kai, in babban nama ne wani ya ɗaure ƙafafun baya da igiya, mai yanka ya durƙusa ta bayan wuya. A fuskantar da shi alƙibla in da hali, a yi bisimilla, a yanke maƙogwaro da jijiyoyi biyu ba tare da ɗage wuƙa ba. In nama ya fi ƙarfin a riƙe shi, a ƙara masa harbi a makasa daga nesa kaɗan, kada a yi ta kokawa da shi. Hadisi na 17 cikin Arba'una ta Nawawi ya hori mai yanka da kyautatawa, da wasa wuƙa, da hutar da dabba. Daga nan mu ke fahimtar sauran ladubba. A kori karnuka kada su yi ta yagar nama yana da rai. Kada a ja shi a ƙasa kafin yanka. Kada a fara fiɗa sai ya daina motsi sarai. Kada yara su hau kansa suna wasa. Risala ta ce farauta don wasa kawai makaruhi ce, wanda ya ɗauki rai don abinci kuwa ya kamata ya ɗauke shi da natsuwa.

Akwai wani haɗari wanda ba daga dabba ya ke zuwa ba. A farautar gayya, da nama ya faɗi sai jama'a su rugo ta kowane gefe, kowa na son ya riga sa hannu, ga gora, ga barandami, ga bindiga ɗure. Faɗa a kan nama sananne ne a ƙasar Hausa, ya sha raba ƙauyuka. Maganinsa shi ne a daidaita tun kafin a fita: wanda ya yi harbi shi ke kusanta, da mataimaki ɗaya, saura su tsaya baya, gardama kuwa a kai ta gaban shugaban farauta. Kada kowa ya yi harbi alhali akwai mutum ko kare a ƙetaren nama. In an gama, a sauke kunamar bindiga, a kau da bakinta daga mutane, kada a jingina ta a jikin nama.

Sauran abu biyu. Dafin kibiya da a ke haɗawa da kwankwani zuciya ya ke tsayarwa, bai kuwa san bambancin mutum da gwanki ba. A zare kibiya da hankali, a yanke naman da ke kewaye da raunin a binne shi, mai ciwo a hannu kada ya taɓa. Na biyu, naman da aka tsinta matacce ba a san sanadinsa ba, a bar shi. In jini baƙi yana fita ta hanci ko ta baya bai daskare ba, wataƙila ciwon saifa ne, wanda ke kama mutum. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona kusa da Suleja a 2023. Kada a feɗe irin wannan, a sanar da malamin dabbobi.

A ƙarshe, mu tuna tun 1916 aka kafa dokar kiyaye namun daji a Nijeriya, Jihar Arewa ta yi tata a 1963, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙara wata a 1985 don namun da ke gab da ƙarewa. Akwai waɗanda aka hana kashewa sam, akwai waɗanda sai da lasin, gandun daji kuwa ba a farauta cikinsa. Ko ba doka, mai hankali ya kan ƙyale mace mai ciki da mai shayarwa, don a sami na baɗi. Muna roƙon 'yan'uwa, in sun je hutu, su zauna da tsofaffin maharban garinsu su ƙara tambaya, su kuma koya wa ƙannensu abu uku: su shirya makami kafin su matsa, su bi ta bayan nama, su gwada ido da sanda kafin su sa hannu. Allah ya kiyaye mu, ya sa mu dace, amin.