Gurbin Horon Asibiti ga Ɗalibin Nazarin Halayyar Ɗan Adam a Katsina: Abin da Alƙaluma Ke Nunawa

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna Najeriya na da mutum miliyan 140, Jihar Katsina kuma miliyan 5.8. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarun nan ya kai ƙasar sama da miliyan 220, kuma idan aka bi hasashen Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, Katsina ta kai kimanin miliyan 10. Daga cikin wannan jama'a ne ɗalibin digiri na biyu a nazarin halayyar ɗan Adam, ɓangaren duba marasa lafiya, yake fitowa, kuma a cikinta zai yi aiki. Karatunsa ba ya cika sai ya yi watanni a asibiti yana sanin makamar aiki a hannun wanda ya riga shi ƙwarewa. Gurbin wannan horo yana buƙatar abu biyu: marasa lafiya da za a gani, da ƙwararren da zai sa ido a kan ɗalibin. Alƙaluman ɓangarorin biyu sun yi hannun riga.

Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya tattauna da manya kusan 5,000. Kashi 12 cikin 100 sun taɓa fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kusan kashi 6 kuma sun yi fama da ita cikin watanni 12 kafin binciken. Cikin waɗanda lalurar ta hana su harkokin yau da kullum, kashi 8 cikin 100 ne suka sami magani a wannan shekara, kuma akasarinsu wurin likitocin da ke duba kowace irin cuta suka je. An gudanar da binciken a jihohin da ake jin Yarbanci, saboda haka ma'auni ne na kwatance kawai ga Katsina.

Binciken shan ƙwayoyi na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya raba alƙalumansa jiha-jiha. A ƙasa baki ɗaya, mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Shiyyar Arewa maso Yamma na da kashi 12, kimanin mutum miliyan 3. Kano na da kashi 16, Katsina kashi 12, wanda ya kama mutum kusan 480,000. Rahoton ya ce ɗaya cikin biyar na masu shan ƙwaya ya kai matsayin da shan ya zame masa cuta. Idan aka ɗora wannan kaso na ƙasa a kan adadin Katsina, ana maganar mutum wajen 96,000, kuma jinyar irin wannan cuta ba ta tsaya ga magani ba, tana buƙatar zaman ba da shawara na makonni ko watanni, aikin da ake horar da ɗalibin ya yi. Adadin bai haɗa da waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka raba da gidajensu a ƙananan hukumomi irin su Batsari da Jibiya da Safana ba, ko ɗalibai 344 na makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da aka sace, aka kuma sako su a Disambar 2020.

Ta ɓangaren ma'aikata, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 kan lafiyar ƙwaƙwalwa ya sa matsakaicin duniya a ma'aikata 13 ga kowane mutum 100,000, idan aka haɗa likitoci da ma'aikatan jinya da masana halayya da sauransu. A 2014 adadin 9 ne. Matsakaicin yankin Afirka a 2020 bai kai 2 ba, ya tsaya a 1.6. Jiha mai mutum miliyan 10 za ta buƙaci ma'aikata 1,300 kafin ta kai matsakaicin duniya, 160 kuma kafin ta kai na Afirka.

Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha bayyana cewa likitocin fannin da ke aiki a ƙasar kimanin 250 ne, ga jama'a sama da miliyan 200. Wannan ya kama likita ɗaya ga mutum 800,000.

Masana halayyar ɗan Adam su ne adadinsu ya fi shafar ɗalibin, domin a hannunsu ake koyon gwajin tunani da jinya ta hanyar magana. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2005 ya ba Najeriya 0.02 ga kowane mutum 100,000 a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, wato ɗaya ga mutum miliyan 5. A yawan jama'a na 2006, wannan ya kama kusan mutum 28 a ƙasar, kason Katsina kuma mutum ɗaya. Adadin ya ƙaru tun daga lokacin, kuma rahotannin da suka ambato ƙungiyar NACP ta masana halayya masu duba marasa lafiya suna sa shi tsakanin 300 da 500. Ko da an ɗauki 500, ɗaya ne ga mutum 440,000, kuma da an raba su daidai da yawan jama'a, kason Katsina zai zama wajen 23. Mutum 23 a gaban masu cutar ƙwaya 96,000 na nufin sama da 4,000 a kan kowanne, tun kafin a zo ga sauran lalurori. Rabon ma ba daidai yake ba, domin tushen fannin a kudu yake: sashen farko na nazarin halayyar ɗan Adam a jami'o'in ƙasar an buɗe shi ne a Nsukka a 1964, Legas da Ibadan da Jos suka biyo baya.

Inda kuɗi ke zuwa, can ƙwararru ke taruwa. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi tare da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a 2006 ya gano kimanin kashi 3.3 cikin 100 na kasafin lafiya na tarayya ke zuwa ga lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma sama da kashi 90 na wannan kason yana tafiya ne ga asibitocin ƙwaƙwalwa. Wannan kashi 90 ya cancanci a tsaya a kansa fiye da kowane adadi a wannan nazari, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa ɗalibi daga Katsina yake ɗaukar takardar neman gurbi ya nufi wata jiha. Abin da ya rage, ƙasa da kashi 10, shi ake rabawa ga sauran ayyukan fannin a wajen waɗannan asibitoci.

Shekaru da dama asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya takwas ne: Aro a Abeokuta, Yaba a Legas, Uselu a Benin, Enugu, Kalaba, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, sai Maiduguri. Biyu daga cikinsu, kashi 25 cikin 100, suna Arewa maso Yamma, shiyyar da ke da mutum kusan miliyan 36 a 2006, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar. Kason shiyyar ya yi daidai da yawan jama'arta, amma ya kama asibiti ɗaya ga mutum miliyan 18. Daga baya tarayya ta karɓi asibitin Dawanau a Kano, suka zama uku a jihohi bakwai. Babu ɗaya daga cikin ukun a Katsina. Dawanau na bakin hanyar Kano, birnin da ke da nisan kilomita wajen 170 daga Katsina, Kaduna kuma ta haura kilomita 300. A cikin birnin Katsina, ɗalibi na da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da asibitin ƙwaƙwalwa na jiha.

Tsawon horon ne ke mai da wannan nisa ya zama kuɗi. Ƙungiyar APPIC, wadda ke tsara rabon guraben a Amurka, ta gindaya aƙalla awa 1,500, kuma kashi 25 cikin 100 na lokacin, awa 375, a yi shi gaba da gaba da marasa lafiya. A kan awa 40 a mako, awa 1,500 ta kama kusan wata tara. Afirka ta Kudu na buƙatar wata 12 na horo bayan digiri na biyu, da ƙarin wata 12 na yi wa jama'a hidima a asibitocin gwamnati. Ɗalibin da ya tafi Kano ko Kaduna na tsawon irin wannan lokaci yana biyan haya da mota da abinci, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a wata a Yulin 2024. Wanda gurbin ya kai shi Aro ko Enugu yana da ƙarin cikas: jinyar da magana ake yin ta, kuma marasa lafiyar da zai koyi aiki a kansu ba Hausa ko Fulatanci za su yi masa ba.

Ƙarancin gurbi ya taɓa ƙasashe masu kuɗi. A rabon APPIC na 2012, ɗalibai kusan 4,000 suka shiga zagayen farko, sama da 1,000 ba su sami gurbi ba, wato kimanin kashi 26 cikin 100. A Birtaniya, inda hukumar lafiya ta NHS ke biyan ɗalibin albashi na shekara uku, masu nema kusan 4,000 suka yi takarar gurabe wajen 600 a 2019, kashi 15 cikin 100 suka samu. Gwamnati ta ƙara kuɗin horon, guraben suka haura 1,000 a 2022.

A Najeriya, shekara 65 ke tsakanin dokar masu taɓin hankali ta 1958 da Janairun 2023, lokacin da aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Dokar ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun tallafa wa fannin. Gurbin horo kuwa yana samuwa ne a ranar da wani asibiti ya ɗauki ƙwararre aiki, ya kuma ware masa lokacin koyarwa a cikin makonsa.

Ƙa'idar APPIC ta nemi kowace cibiyar horo ta kasance da aƙalla ƙwararru biyu masu cikakken aiki, kuma kowane ɗalibi ya sami awa biyu a mako shi kaɗai da mai sa masa ido. Ƙwararren da ya iya ware awa shida a mako, bayan layin marasa lafiyarsa, ɗalibai uku zai ɗauka. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34. Cibiya ɗaya a birnin Katsina mai ƙwararru biyu za ta yaye ɗalibai shida a shekara, kuma za ta ɗauki shekara shida kafin a sami masanin halayya ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma. Da ƙwararru huɗu, lokacin zai sauko zuwa shekara uku, muddin waɗanda aka horar ɗin jihar ta ɗauke su aiki.