Fankar Katin Girafik a Ƙasar Zafi: Inda Manhaja Ke Taimakawa da Inda Ƙarfinta Ya Ƙare

Masu shagon wasannin kwamfuta da masu tace bidiyon biki ko na fim sun san wannan matsalar. Ana tsakiyar aiki sai fanka ta tashi da ƙugi, hoto ya fara tsaitsayawa, wani lokaci allon ya yi baƙi ƙirin. Sau da yawa daga katin girafik abin yake, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Kati mai ƙarfi yakan sha wuta wat 200 zuwa 300, RTX 4090 na kamfanin NVIDIA ma wat 450 aka ƙayyade masa, kuma kusan duk wutar nan zafi take komawa. In zafin bai samu hanyar fita ba, katin da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Wannan ragin shi ne tsaitsayawar da ake gani.

Kafin a nemi magani sai an san yawan zafin, kuma a nan manhajojin sa ido suke shigowa. Wadda ta fi kowace suna ita ce MSI Afterburner, da ta fito a 2009. An gina ta a kan wata tsohuwar manhaja mai suna RivaTuner, ta wani ɗan Rasha, Alexey Nicolaychuk. Duk da sunan MSI da ke jikinta, tana aiki da katin kowane kamfani, kuma kyauta ce. Akwai GPU-Z da HWiNFO, waɗanda karanta zafi da gudu ne babban aikinsu. Mai katin AMD kuwa ba lallai ya sauke komai ba, domin manhajar Adrenalin da ke zuwa da direban katin tana nuna zafi, tana kuma bari a saita fanka.

Haɗarin farko yana wurin saukewa. A 2021 kamfanin MSI ya gargaɗi jama'a game da wani shafi na bogi da aka kwaikwayi nasa sak. A 2022 masu binciken tsaro na kamfanin Cyble suka gano ɗimbin irin waɗannan shafuka, suna ba mutane Afterburner wadda aka cusa wa manhajar haƙar kuɗin Monero da wata mai satar lambobin sirri. Ka ga ke nan mutum ya je neman sanyaya katinsa, ya ɗauko abin da zai sa kwamfutarsa ta riƙa yi wa wani aiki, zafi ya ƙaru, kuɗin wuta ya ƙaru. Daga shafin MSI kansa ko na Guru3D ake sauke ta gaskiya. Wadda aka turo ta WhatsApp ko aka kwafo a filashin wani, a bar ta.

Lokacin girkawa za ta tambaya ko a haɗa da RivaTuner Statistics Server. Ita ce ke rubuta zafi da gudu a kusurwar allo yayin da wasa ke tafiya, kuma tana da amfani, don zafin da ya kamata a kula da shi na lokacin aiki ne. Sai dai a riƙe cewa manhajoji biyu aka girka, domin wannan zai dawo ranar cirewa. Kuma kada a bar manhaja biyu suna iko da fanka ɗaya. In Afterburner ta ce kashi 60, GPU Tweak ta ASUS ta ce kashi 40, fankar za ta yi ta hawa da sauka, mai kwamfuta ya zaci ta lalace.

Lambobin da za a gani sun fi ɗaya, kuma nan mutane da yawa suke firgita ba dalili. Akwai zafin ƙwaƙwalwar katin, wanda aka saba nunawa. Akwai zafin wuri mafi zafi a cikinta, wanda kullum ya ɗara na farko. A wasu katunan har da zafin ma'ajiyar katin. Yawancin katunan GeForce an saita su ne su yi ƙoƙarin tsayawa a wajen digiri 83 na ma'aunin Salshiyas. A 2019, da masu RX 5700 suka fara kokawa, AMD ta bayyana cewa wuri mafi zafi a katin zai iya kaiwa digiri 110 ba tare da ya fita daga ƙa'ida ba. Saboda haka 95 a wannan layin ba daidai yake da 95 a layin farko ba. Haka nan wanda ya leƙa ya ga fankar katinsa a tsaye cak alhali kwamfuta na kunne, kada ya ruga wurin mai gyara. Katunan yanzu da yawa ba sa juya fanka sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60.

Abin da ya fi damuna a wannan sha'ani shi ne yadda muke kwafar saitin da aka yi don wata ƙasa. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take ja ta hura wa ƙarfen da ke zuƙe zafin katin, don haka zafin kati shi ne zafin ɗaki haɗe da abin da aiki ya ƙara. Masu gwada kati a Turai da Amurka galibi a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai suke yi. A ce an gwada wani kati a ɗaki mai 22 ya tsaya a 70, tazarar 48 ke nan. Kawo shi shago a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafin rana kan haura 40, a ce cikin shagon 38 ne. Lissafin ya kai 86, ya riga ya wuce inda katin zai fara rage gudu, alhali lafiyarsa ƙalau. Mai shago ya yi ta zargin wanda ya sayar masa.

Shi ya sa gyaran fanka yake da ma'ana a wurinmu fiye da can. A cikin saitin Afterburner akwai wani zane: zafi a kwance, gudun fanka a tsaye, da ɗige-ɗige da ake ja sama ko ƙasa. Abin da ya dace a ƙasar zafi shi ne fanka ta fara da wuri, ta riƙa hawa a hankali, ta kai ƙarshen gudunta kafin kati ya shiga 80 da wani abu. A ƙasan zanen akwai gurbin da ake sa tazarar 'yan digiri, uku zuwa biyar, don kada fanka ta riƙa canza gudu duk lokacin da zafi ya motsa da ɗaya. Ban goyi bayan a kafe fanka a kashi 100 kullum ba. Ƙarar ta ishi mutum, ga saurin cinye fankar, ga jawo ƙura. Dabarar da ta fi wannan ita ce rage iyakar wutar da kati zai sha zuwa kashi 80 ko 85. Gudun da za a rasa kaɗan ne, zafi kuwa yakan sauka yadda ido zai gani, kuma mai aiki da inbata ko janareta zai ji sauƙi. Wani abin lura: wannan zanen yana aiki ne muddin manhajar tana buɗe. Da an rufe ta, fanka ta koma saitin kamfani, don haka sai an sa ta riƙa tashi tare da Windows.

Akwai kuma abin da babu manhajar da za ta gyara. Ƙurar hunturu tana toshe tsagogin ƙarfen sanyaya har ta zama kamar auduga, iska ta kasa ratsawa. A kashe kwamfuta, a zare wuta, a hure ƙurar da busasshiyar iska, a riƙe fankar da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da kima. Man nan mai launin toka da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar kati da ƙarfen shi ma yana bushewa da shekaru. Alamarsa ita ce tazara mai faɗi tsakanin zafin farko da na wuri mafi zafi, kamar digiri 25 ko 30. Wannan ya shafi masu sayen kati na hannu ƙwarai, musamman tun Satumban 2022 da kuɗin Ethereum ya daina dogaro da haƙa, katunan da suka shekara suna haƙarsa ba hutu suka kwararo kasuwa. Mai saye ya tafi da GPU-Z, ya sa a kunna masa wasa na minti 15 a gabansa, ya duba lambobin kafin ya biya.

Ranar da za a cire manhajar, a bi ta a tsanake. A buɗe ta tukuna a danna Reset don komai ya koma yadda kamfani ya saita, a kashe tashinta tare da Windows, a rufe ta daga ƙananan alamomin da ke kusa da agogo, sannan a cire ta daga jerin manhajojin Windows. A cire RivaTuner Statistics Server ita ma daban. In an tambaya ko a ajiye saitin baya, a ce a'a, domin saitin da ya jawo matsala zai dawo in an sake girkawa. Sai a kashe kwamfuta a kunna. Display Driver Uninstaller, da ake kira DDU, aikinta share direban kati ne, a cikin Safe Mode, kuma ba a bukatarta don cire Afterburner.

Barin tsohuwar manhaja zaune ba a amfani da ita shi ma kasada ne. Irin waɗannan manhajoji suna shiga can cikin zuciyar Windows ta hanyar ƙaramin direba. Na tsohuwar Afterburner, RTCore64.sys, an gano yana da rauni a 2019, kuma a 2022 kamfanin Sophos ya nuna yadda gungun masu garkuwa da bayanai na BlackByte suka yi amfani da shi wajen kashe manhajojin tsaro. Wadda ake amfani da ita a sabunta ta, wadda aka daina a cire ta.

Masu shaguna da masu tace bidiyo, kafin zafin Maris da Afrilu ya kankama, ku buɗe kwamfutocinku ku kakkaɓe ƙurar hunturu, ku auna zafin katinku yana tsakiyar aiki, sannan ku saita fanka daidai da ɗakin da kuke zaune.