Zangon Ƙarshe Kafin Iyaka: Inda Masu Mota Mai Ɗaki Ke Kwana Kafin Fiton Asuba

Gabatarwa

A wannan maƙala zan yi bayani kan wata matsala da ke damun wasu matafiya a Turai, wato masu tafiya da irin motar nan da ake kwana a cikinta. Mota ce mai gado da murhun gas da firji da ɗan makewayi, wadda iyali kan shiga su tafi hutu. Zan kira ta "mota mai ɗaki" domin sunan ya bayyana siffarta. Wurin da take kwana a hanya kuwa zan kira shi "zango", kamar yadda fatake ke kiran masaukin ayari. Mai karatu zai iya cewa wanda ke tafe da gadonsa ai ba ruwansa da neman masauki. Abin ba haka yake ba, musamman a daren da zai yi sammakon tsallake iyaka. Misalin da na ɗauka shi ne fito daga Ingila zuwa Faransa.

Hanyoyin Tsallakawa

Teku ne ya raba ƙasashen biyu, kuma hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ita ce jirgin fito daga Dover zuwa Calais, tafiyar kimanin minti 90. Ta biyu ita ce hanyar ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, mai tsawon kimanin kilomita 50, inda ake loda motoci cikin jirgin ƙasa a kusa da Folkestone, a fito da su a gefen Calais bayan minti 35. Matafiya da yawa sun fi son fiton asuba saboda kuɗinsa yakan fi sauƙi, kuma mutum zai sami yini guda cur na tuƙi a ɗaya gefen.

Abin lura a nan shi ne, ana gama binciken iyaka tun kafin a bar Ingila. Bisa yarjejeniyar Le Touquet ta 2003, jami'an Faransa suna duba fasfo a Dover, na Birtaniya kuma a Calais. Bayan da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, binciken ya ƙara cin lokaci, sannan a watan Oktoba na 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun waɗanda ba 'yan Tarayyar ba. Don haka mai tikitin ƙarfe 6:00 zai so ya isa tasha wajen 4:30, ya bar zango wajen 4:00, ya farka wajen 3:30. Da wannan lissafi na komawa baya ake zaɓar wurin kwana.

Ire-iren Zango

Na farko shi ne sansanin 'yan hutu da ake biyan kuɗi. Akwai wutar lantarki da ruwa da wurin wanka. Matsalarsa ita ce da yawa sukan rufe ƙofa da dare, ba a buɗewa sai wajen ƙarfe 7:00 na safe, don kada ƙarar mota ta tashi masu barci. Wasu da ke kusa da Dover da Folkestone sun keɓe wa masu sammako fili a wajen ƙofa, amma sai an tambaya tun lokacin kama wuri. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu shi ne filin ajiye motoci da hukuma ta yarda a kwana. Wanda ya yi suna shi ne na titin New Dover a birnin Canterbury, kimanin kilomita 25 daga Dover a kan hanyar A2. An keɓe wa motoci masu ɗaki wuri, da famfo, da inda ake zubar da ƙazantar makewayi. Sauran filaye da dama kuwa an gitta musu ƙarfe a ƙofa mai tsayin kusan mita 2, alhali mota mai ɗaki takan kusa mita 3. Wasu kuma an kafa allon hana kwana.

Na uku shi ne wuraren hutawa na manyan hanyoyi. Awa biyu na farko kyauta ne, bayan nan sai an biya, wanda bai biya ba kuwa takardar tara za ta bi shi har gida. Ga kuma ƙugin injin manyan motoci masu ɗauke da kayan sanyi dare farai.

Na huɗu shi ne harabar gidajen abinci da mashaya da gonaki da suka shiga tsarin Brit Stops, inda mamba ke kwana ɗaya ba tare da biyan kuɗin wuri ba, da fatan zai sayi wani abu a wurin mai gida.

Abin Da Ya Fi Muhimmanci

A ganina, ƙofar fita ce ma'aunin zango na wannan dare. Kyan wuri ba zai amfani wanda ya farka ya tarar da kwaɗo a ƙofa ba. Bayan haka sai a duba ko doka ta yarda a kwana, sannan nisan kada ya wuce tafiyar rabin awa. Shiru ma ba abin wasa ba ne. A Ingila ana tuƙi ta hannun hagu, a Faransa kuwa ta dama, kamar yadda muke yi a Nijeriya tun 1972. Direban da bai yi barci ba, ga sauyin hannu, yana wasa da ransa da na iyalinsa.

Akwai kuma ayyukan da ya kamata a gama tun da yamma. Tun daga Janairun 2021 an hana matafiyi shiga Tarayyar Turai da nama ko madara da dangoginsu daga Birtaniya, saboda haka a cinye na cikin firji a abincin dare. A zubar da ƙazanta, a cika tankin ruwa, a ajiye fasfo da tikiti kusa, a juya kan mota yana fuskantar hanya. Kafin a shiga jirgi kuma wajibi ne a rufe tukunyar gas.

A Hanyar Dawowa

Faransa ta fi sauƙin zango, domin garuruwanta sun tanadi dubban wurare na musamman don irin waɗannan motoci. Amma a kewayen Calais akwai baƙin haure masu neman shiga Birtaniya, waɗanda wahala kan sa su ɓuya cikin motoci. Tun daga 2023 tarar da ake iya cin direba ta kai fam 10,000 a kan kowane mutum ɗaya da aka samu a motarsa, ko da ya ce bai sani ba. Wannan ne ya sa wasu ke kwana nesa kaɗan da garin, su kulle ko'ina, su duba ma'ajin kaya da maratayin kekuna kafin su kama hanya.

Kammalawa

Mun ga cewa tikitin asuba ne ke zaɓar wa matafiyi wurin kwana. Sai ya tabbatar zai iya fita a kan kari, doka ba ta hana ba, kuma ya sami barci. Hausawa na cewa in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Ina fata 'yan uwana ɗalibai za su auna sunan "mota mai ɗaki", in akwai wanda ya fi shi dacewa su kawo mana a fitowa ta gaba.